Ranar Da Na Ɗaure Kunnuwana

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaishe da iyayen Rahila ba, kuma ko na so in manta, mutanen Zuru ba za su bar ni ba. Shekara shida ke nan, amma har gobe in na ratsa ta kasuwa sai wani ɗan neman magana ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Maigida, an kawo sabon salatif fa, mai kamawa sosai!" Ni kuma in yi kamar ban ji ba. Duk wanda ya san ni kuwa ya san ƙarya nake yi, don in akwai abin da Allah bai rage ni da shi ba, to ji ne.

Bari in fara da kunnuwan, tunda a kansu aka yi komai. Allah ya yi ni da kunnuwa manya, fato-fato, kuma ba su kwanta a jikin kai ba kamar na sauran bayin Allah. A tsaye suke, kowanne ya kama gabansa. Tun ina firamare ake kirana Zomo. Malamin lissafinmu ba ya wahalar neman bulala in ya zo kaina, abin riƙo yana nan a shirye har guda biyu. Kakata kaɗai ke tare mini faɗa. Takan ce, "Ku ƙyale mini shi. An ce kunne ya girmi kaka, to nashi ya girmi kakan kaka." (Har ta rasu ban gane ko kare ni take yi ko tana cikin masu tsokanar ba.)

Amma fa kunnuwan nan su ne abincina. Ni makaniken babur ne da janareto. Wasu makanikai sai sun kwance inji ɗaiɗai kafin su gano ciwonsa, ni kuwa cewa nake a tayar, kowa ya yi mini shiru. In rufe ido, in ɗan karkata kai, in ce, "Ba daga inji ba ne, sarƙa ce ke gugar murfinta ta ƙasa," ko in ce, "Ga shi can sama, bayan tanki, noti ne ya saki." A duba, a tarar haka ne. 'Yan kabu-kabu daga Danko da Bena har layi suke yi a garejina. Maƙwabta ma in ɗan tsako ya maƙale wani wuri yana kuka an rasa inda yake, ni ake aikowa. Ina alfahari da aikin kunnuwana ƙwarai, ganinsu ne kawai ba na so. In za a ɗauki hoto, ni ne mai tsayawa a kaikaice.

A garejin na haɗu da Rahila. Malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata, ta turo ƙaramin babur ɗinta yana wata 'yar ƙara da ta gagari mutum biyu. Na rufe ido na ce mata ƙarar daga ƙasa take, ta baya. Ta ce, "Yaya aka yi ka san daga ƙasa take ba daga sama ba?" Na ce, "Ji na yi mana." Sai ta tsaya tana kallon kunnuwana, ta kalli na dama, ta zagaya ta kalli na hagu, har na fara jin haushi. Na ce a raina, ga wata ita ma. Ashe ba raini ba ne. Bayan shekara ɗaya da rabi muka kai ga maganar aure.

To, a nan gizo ke saƙar. Mahaifinta tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a gindin dutse, ba nisa da gari, yana noma. Mutum ne da ya yi golmo shekara bakwai cur kafin a ba shi mahaifiyar Rahila, wato noman nan da saurayi ke yi wa iyayen budurwa a ƙasarmu kafin ya ga aure. Saboda haka samarin yanzu duk ragwaye ne a wurinsa. Kafin ni, mutum biyu sun je neman Rahila. Na farko Baba ya gaisa da shi, ya ji tafin hannunsa laushi, shi ke nan. Na biyu ya je da baƙin tabarau. Baba ya ce, "Mutumin da ya ɓoye mini idonsa ran farko, mi kuma ya ɓoye?" (Da ina da hankali ko na sisin kwabo, da na ɗauki darasi daga wannan labarin.) Rahila kuma ta faɗa mini gaskiya tun da wuri: tana sona, amma ba za ta tsallake maganar Baba ba. In ya ce a'a, an gama.

Abu uku ta ja mini kunne a kai. In zo a kan lokaci. In zauna ta hannun daman Baba, in kuma ɗaga murya. Na uku, in kiyayi Gwaggo Tani, yayar Baba, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ta ce, "Baba soja ne a wurin kowa, amma a gaban Gwaggo kurtu ne. Wanda ta ƙi, ya ƙiyu." Ban tambaye ta dalilin zama ta dama ba, na ɗauka wata ƙa'idar bariki ce.

Ranar Juma'a na je aski wurin abokina Bulus. Wannan shi ne kuskurena na farko. Muna hira hannunsa ya zarce, sai ya ce gara a kwashe duka. Ya yi mini tal-kwabo. Da ya juya ni ga madubi, na ga ɗan gashin da ke rufa mini asiri ya tafi, sai kunnuwa biyu da ɗan kai a tsakiya. Bulus ya ja baya ya riƙe haɓa ya ce, "Abokina, da wanga kai za ka je gaban soja? Wallahi zai ɗauka jirgi ne ya sauka gidansa." Na ce, "To yaya zan yi?" Ya ce, "Bar mini komai." Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Da safiyar Asabar ya zo da hula haɓar kada ta kakansa, irin mai kunnuwa biyu da ake saukewa su rufe kunne. Na sa, sai kunnuwana suka ture na hular suka miƙe tare, abin ya fi da muni. Bulus bai karaya ba. Ya ɗauko baƙin salatif ɗin da nake naɗe wayar wuta da shi, ya danne kowane kunne ya kwantar da shi a jikin kai, ya bi ya liƙe, ya sake liƙewa, har sai da duk ƙwarmi da lauje-laujen kunnen suka shafe, ya bar mini ɗan ramin ji kawai. Sannan ya sauke kunnuwan hula a kai. Na dubi madubi, na ga wani mutum mai kai sumul, kamili. Gaskiya na ji daɗi. Shekara talatin da ɗaya ina jiran in ga wannan mutumin.

An fa gargaɗe ni a hanya, ni ne ban ji ba. Na goya Kawuna a babur, ƙanin mahaifiyata, shi zai yi mini jagora, Bulus yana biye. Muna fita gari na ji ana danna odar mota, na taka birki ina neman mota a gabana, ashe a bayanmu take, saura kaɗan ta kwashe mu. Kawu ya ce, "Kai, lafiyarka? Kuma wace irin hula ce wagga cikin bazara?" Na ce ita ake yayi yanzu. Na ɗora laifin a kan fargaba na ci gaba da tafiya.

Gidan Baba babban gida ne, rumbuna huɗu a jere, ga wani ƙaton mangwaro a tsakar gida, a ƙarƙashinsa aka shimfiɗa tabarmi. Baba yana kan kujerar katako, a miƙe kamar ana fareti. Gwaggo Tani tana can gefe kan 'yar kujerar tsugunno, ta jingina da jikin mangwaron, da mafici a hannu, tsohuwa 'yar firit amma idonta kamar allura. Ga dattawa uku na dangi. Muka tuɓe takalmi, muka durƙusa muka gaishe su, na lallaɓa na zauna ta daman Baba kamar yadda aka umarce ni.

Sai Baba ya ce, "Mu yi addu'a." Na manta shaf cewa mu Kirista ba ma addu'a da hula a kai! Duk dattawa suka tuɓe nasu. Na yi ta 'yan gyare-gyaren zama har na ga kowa ya rufe ido, na ɗaga hular da yatsa biyu, na riƙe ta a saman kai. Da na ji mai addu'a ya doshi ƙarshe, kafin a ce amin na mayar da ita. Na ce a raina, kai Zomo, akwai ka da wayo.

Baba ya fara tambayoyi. Mi nake yi? Na faɗa. Na taɓa riƙe garma? Na ce tun ina yaro. Ya karɓi hannuna ya murza, ya ji kanta, ya ɗan gyaɗa kai. Kawu ya zungure ni da gwiwa alamar muna kan hanya. Zufa kuwa tana bin bayan wuyana, salatif yana mini ƙaiƙayi, amma na daure.

Ana cikin haka sai ga wata 'yar siririyar ƙara, tii-tii-tii, can ciki-ciki, irin ta ƙananan wayoyin nan. Baba ya miƙe zumbur. "Wayata! Yakubu ne!" Yakubu shi ne yayan Rahila, soja ne shi ma, an tura su can wani daji mai nisa, kuma sati uku ke nan ba a ji muryarsa ba. Ranar Asabar kaɗai yake samun damar kiran gida, in ya samu. Baba ya lalube aljihu, babu. Ya juya dama, ya juya hagu, ya sake zagayawa a wuri ɗaya. Dattawa suka shiga ɗaga tabarmi, kowa yana magana, ba mai jin wani. Kafin a ankara ƙarar ta tsaya.

Baba ya tsaya cak. Ya ce, "Sau uku yake kira. In ba a ɗauka ba, sai wani satin, ko wani watan."

Rahila ta fito da gudu daga madafa da ludayi a hannu. Ta ce, "Baba, ka sa kowa ya yi shiru. Ga wanda zai gano ta nan zaune. Ai na gaya maka." (Ashe ta daɗe tana yi wa Baba kurin kunnuwana, ni ban sani ba.) Baba ya dube ni. Sannan ya daka tsawa irin ta filin fareti: "Kowa ya tsaya inda yake! Kada in ji ko tari!" Gida ya yi tsit, har kaji suka nutsu.

Jama'a, in gaya muku gaskiya, murna ce ta kama ni. Na ce Allah ya kawo ni gidan sarautata. Na miƙe a hankali, na gyara kaftani, na tsaya tsakiyar fili. Kira na biyu ya shigo. Na rufe ido, na karkata kai yadda na saba. Hagu, babu shakka. Na taka zuwa hagu, ƙarar tana ƙaruwa. Na ƙara taku uku. Na buɗe ido, sai ga ni a gaban Gwaggo Tani. Ƙarar tana nan daidai inda take, amma ta yi mini wani iri, kamar daga ƙasa, kamar daga bayanta, ba ta tsaya wuri ɗaya tsaf kamar yadda na saba ji ba. Na hango Rahila tana ɗaga ido sama, tana sake ɗagawa, har da ɗan nuni da ludayi. Na ce, Allah sarki, yarinyar nan godiya take yi wa Ubangiji da ya ba ta miji irina. Na yi mata murmushi.

Kira na biyu ya katse. Kowa yana kallona. Na gyara murya na ce, "Baba, wayar tana ƙarƙashin Gwaggo."

Maficin Gwaggo ya tsaya. Ta ce, "Ƙarƙashin wa?"

Na ce, "Ƙarƙashinku, Gwaggo. Ko dai... a jikinku."

Kawu ya ce, "Wayyo ni," a hankali, ya sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ce, "Wato ni na zauna kan wayar ƙanena ina jin ta tana kuka na yi shiru? Ko cewa kake na soke ta a zani in kai kasuwa?"

A nan ne mai hankali zai durƙusa ya ce tuba nake. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Ku yi haƙuri Gwaggo, amma kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Tsohuwar nan ta dafa jikin mangwaro ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Ta karkaɗe zani. Ta kwance haɓar zanin a gaban kowa ta zazzage: ɓarin goro, allura a soke a tsumma, da ɗan mabuɗi. Ta ce, "Ga dukiyata. Wacce ce wayar?" Ni kuwa maimakon in haƙura, sai na zube da gwiwa, na ɗaga kujerarta, na ɗaga gefen tabarma, ina tone busassun ganye da hannu. Abin da na samo shi ne ƙwallon mangwaro biyu da kashin kaji.

Sai kira na uku ya shigo.

Na kai kaina har ƙasa ina saurare, gindi a sama, daidai ƙafar Gwaggo. Haƙurinta ya ƙare. Ta ɗaga mafici ta sauke mini a ƙeya, fau! Hula haɓar kada ta yi tsalle ta faɗi can. Zufa kuma ta riga ta gama da salatif ɗin dama. Ina ji ya saki a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sai kunnena ya miƙe fat, ya tsaya a gaban surukaina da baƙin salatif yana reto a jikinsa. Na hagu yana nan a ɗaure.

Wani dattijo ya ce, "Yesu mai ceto!" Bulus ya zille bayan rumbu, ina jin shi yana shaƙewa da dariya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Amma kun san wani abu? Kunnen nan yana miƙewa, duniya ta koma daidai. Ƙarar ta bar ƙasa ta hau sama. Na fizge salatif ɗin hagu (har yau in na tuna sai na ji zafin), na ɗaga kai. Ga ta can, kai tsaye a saman inda Gwaggo ke zaune, a cikin wata tsohuwar safar soja da aka rataye a reshe, ganye ya rufe ta. Ban san lokacin da na kama itacen ba. Da kaftanina sabo, da salatif yana bina, na haye kamar biri, na zaro wayar, na danna kafin ta katse, na miƙo wa Baba ita daga sama.

Baba ya kara ta a kunnen dama. Ya ce, "Yakubu?" Sai muryarsa ta karye. Ya juya mana baya. "Kana lafiya? Kana ci? To. To, madalla. Mun gode wa Allah." Daidai nan mahaifiyar Rahila ta shigo da babbar tukunya da ta je arowa a maƙwabta. Ta dire ta, ta ruga ta manne kunnenta a bayan wayar tana hawaye. Ashe ita ce ta rataye wayar a can da sassafe, don a duk gidan nan reshen nan kaɗai ke kama sabis sosai, hidimar baƙi ta sa ta manta ba ta faɗa wa kowa ba.

Ni fa ban sauko ba. Na zauna a reshe na rungume itace, ina lissafin ko zan iya dira ta bayan katanga in bar musu babur ɗin.

Da aka gama waya, Baba ya share fuska da hannun riga, ya koma kujerarsa, ya ɗago kai. "Sauko."

Na sauko na durƙusa.

"Wa ya ɗaure ka?"

Na saci kallon rumbu. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma na ga ba ranar tonon asiri ba ce. Na ce, "Ni ne, Baba."

"Don mi?"

Na ce, "Kunya nake ji, Baba. Sun yi girma. Na ji tsoron ku gan su ku hana ni Rahila."

Baba ya kalle ni sama da ƙasa. Sannan ya juyo mini da gefen fuskarsa na hagu, ya ƙwanƙwasa kunnen da yatsa. Ya ce, "Ka ga wanga? Ado ne kawai. Tun ranar da wani abu ya fashe kusa da ni a bakin aiki bai sake jin komai ba. Da ɗaya nake ji, kuma ina ji sarai. Amma ban san daga ina magana take zuwa ba. Matata ta kira ni, sai na yi ta juyi a tsakar gida kafin in gan ta. Ka ga yadda na yi ɗazu, ɗana yana kira ina zagaye kamar akuya a turke." Ya sauke yatsan. "Da ɗiyata ta ce ta samo mai kunne, murna na yi. Na ce gidan ga ya samu abin da ya rasa. Sai ka zo mini da su a ɗaure kamar kajin kasuwa."

Kunyar da na ji a nan ta fi ta faɗuwar hula, don wannan ta shiga har ciki.

Baba ya ce, "Ni ban da ta cewa. Wadda ka sa ta kwance zani a gaban jama'a, ita za ta yanke."

Gwaggo ta riga ta koma kujerarta tana ɗaure goronta. Ta ce, "Matso." Na matsa da gwiwa. Ta ce, "Tun wajen addu'a na ga baƙin abu a kunnenka. Ni ba na rufe ido duka in akwai baƙo a gida. Na ɗauka ciwo ne, har na sa ka cikin addu'ata. Ashe wauta ce." Ta kama kunnena na dama ta ja, ta juya shi, ta leƙa ciki kamar mai sayen ƙwarya. Ta ce, "Kunnuwa masu kyau, ga wurin riƙo. Rahila ba za ta sha wahala ba." Gida ya ɗauki dariya, har Baba sai da haƙoransa suka fito. Ta ɗaga mafici aka yi shiru. "Ƙanena shekara bakwai ya yi golmo. Kai damina ɗaya za ka yi, a gonata, duk Asabar. Kuma ba hula."

Na ce, "Na gode, Gwaggo." Na faɗa ya fi sau biyar, ina jin Rahila a bayana tana dariya tana jan hanci.

Ranar Litinin ta zo gareji. Ta zauna a benci ta dube ni, ta fashe da dariya, sai da ta yi mai isarta. Sannan ta yi mini darasin da take yi wa ɗalibanta. Ta ce kunne biyu da kai a tsakaninsu su ke gaya wa mutum dama da hagu: ƙara tana riga isa kunnen da ya fi kusa, kuma kai yana tare wa ɗayan wani abu daga ƙarfinta. Shi ya sa Baba mai kunne ɗaya ya rasa gane ɓangare, ni kuma ko a ɗaure na doshi mangwaro daidai. Amma abin da ke sama ko ƙasa, gaba ko baya, kusan lokaci ɗaya yake isa kunnuwan biyu. A nan sai ƙwarmin kunne da lauje-laujensa su yi aiki: ƙarar da ta zo daga sama daban take bugunsu da wadda ta zo daga ƙasa, sai launinta ya ɗan sauya kafin ta shiga rami. Ta ce, "Kuma kowa da irin nasa. Ƙwaƙwalwarka tun kana jariri take koyon naka kunnuwan. Da za a ba ka na Bulus yau, sai ka ɗauki lokaci kana lalube kafin ka saba. Kai kuwa shafe su ka yi gaba ɗaya, ka je kana tuhumar tsohuwa." Na ce, "To me ya hana ki buɗe baki ki ce sama?" Ta ce, "Baba ya ce kada ya ji ko tari. Ni ɗiyar soja ce. Ludayi na yi ta ɗaga maka kana mini murmushi."

Na yi daminar nan a gonar Gwaggo, kaina a buɗe, rana tana gasa mini kunnuwa, ita kuma tana zaune a inuwa tana nuna mini inda na bar ciyawa. Da kaka aka ɗaura aure. Yakubu ya samu hutu ya zo, kuma abin da ya fara yi da ya sauka daga mota shi ne ya zagaya ni ya duba kunnuwan ta baya. Bulus ne ya yi mini askin ango, amma na sa Kawu ya zauna kusa yana gadinsa.

Ɗiyarmu ta fari ta zo da su, fato-fato, ba ta bar ko ɗaya ba. Da aka kai wa Gwaggo ita, ta buɗe zanin goyo ta duba ta ce, "To, wagga dai a ɓoye mata salatif."

Yanzu in mun je coci ko wani taro, ba na zama ta daman Baba. Ta hagunsa nake zama. In wani ya kira shi, sai in taɓa masa gwiwa in nuna da haɓa, ya juya kai tsaye kamar shi ya ji. Bai taɓa ce mini ya gode ba, ni ma ban taɓa jira ba. Amma in na makara, kujerar hagun nan ba ya barin kowa ya zauna.

Abin da na koya bai da yawa. Garin neman gira na so in rasa ido, kuma abin da na kwashe shekara talatin da ɗaya ina ɓoyewa, ashe shi ake jira a gidan. Sai kuma wannan, kyauta na ba ku: kada ku karɓi shawarar aure daga hannun mai aski, kuma kafin ku ce wa tsohuwa ta tashi a duba ƙarƙashinta, don Allah ku fara ɗaga kai sama.